Wa Ya Kira Ni? Tarihin Wani Layi Guda a Harshen Python

Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa neman kwamfuta ta ƙirga masa kalmomin wani littafi, ko ta jera masa su bisa tsarin abjadi, ko ta gyara masa baƙaƙe masu ƙugiya, da wuya a ce bai ci karo da wannan layi a gindin wani fayil na Python ba:

    if __name__ == "__main__":

Yawancinmu kwafe shi muke yi yadda ake kwafe hatimi, ba tare da mun san abin da ke cikinsa ba. Ni kaina na daɗe ina ganinsa ina tsallakewa, har ranar da rashinsa ya ɓata wa wata ɗalibata aikin watanni. Da wannan ɓarna zan fara, domin ita ta sa ni bin sawun layin har zuwa inda ya fito.

A wani hutu na je Cholire, garin da takardun gwamnatin Kamaru ke rubutawa Tcholliré, hedikwatar gundumar Mayo-Rey, kudu maso gabas da Garwa. Ƙasar Lamiɗon Rai Buba ce. Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci harshen ofis da makaranta, Hausa kuwa tana bakin mahauta da 'yan koli da 'yan tireda da iyalansu. Na naɗi hirarraki da dama don in ga yadda Hausa ke zaune a tsakanin waɗannan harsuna. Samarin da suka taya ni mayar da maganar zuwa rubutu karatun Faransanci suka yi, madannan kwamfutocinsu ma na Faransanci ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai muka shirya a kan su riƙa rubuta b' da d' da k'. Hannunsu kuma ya riga ya saba da sa ou a gurbin u, da tch a gurbin c, har cuku yakan fito tchoukou.

Da na koma gida na rubuta wani ɗan fayil na sa masa suna harufa.py. A cikinsa akwai 'yan aike guda biyu. Abin da nake nufi da ɗan aike shi ne guntun umarni mai suna, wanda ake miƙa wa abu ya sarrafa ya dawo da sakamako. Na farko, gyara, yana mayar da b' da d' da k' zuwa baƙaƙen ƙugiya, ya mayar da ou zuwa u, tch zuwa c. Na biyu, jera, yana tsara kalmomi yadda ƙamus na Hausa ke yi. A can ƙasa kuma na ƙara layuka uku tsirara: buɗe fayil mai suna hira.txt, gyara shi, rubuta gyararren a kan na asali.

Ɗalibar jera kawai take bukata. Ta karɓi fayil ɗina ta ajiye a jakar aikinta, ta rubuta import harufa a saman nata fayil ɗin, wato ta ce wa Python ya shigo mata da kayan da ke cikin nawa. Allo bai nuna mata komai ba. Ashe ita ma tana da nata hira.txt a jakar, kowane layin Hausa da fassararsa ta Faransanci a ƙarƙashinsa. Sai bayan kwana biyu ta lura cewa d'abord ya koma ɗabord, pour ya koma pur, aujourd'hui kuwa ya zama aujurɗhui. Kwafen da ta ajiye a gefe ya tsufa da makonni, kuma ba yadda za a yi na'ura ta warware ɓarnar, tunda ba ta da hanyar sanin wane u ne asalinsa ou, wane ne kuma u tun fil azal. Da hannu ta bi shi layi-layi. Laifin nawa ne, ba nata ba. Ita aron kaya ta zo yi, fayil ɗina kuwa bai san bambanci tsakanin mai aron kaya da mai sa aiki ba.

Taska da babbar manhaja

Wannan bambanci ya girmi Python da shekara arba'in. A watan Mayu na 1949 na'urar EDSAC ta fara aiki a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Maurice Wilkes. Masu amfani da ita suka gane da wuri cewa akwai ayyukan da kowa ke maimaitawa, kamar karanta lambobi da buga sakamako da wasu lissafe-lissafe. Maimakon kowa ya sake rubuta nasa, sai aka huda su a kan zaren takarda aka adana a cikin wani kabad. Mai bukata ya ɗauko zaren, a kwafe masa hujojin a jikin nasa zaren. Wannan kabad shi ne kakan abin da ake kira laburare a yau, wanda zan riƙa kira taska. Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill sun bayyana tsarin a littafin da suka fitar a 1951. Wheeler ne ya ƙirƙiro dabarar da ɗan aike zai riƙe adireshin wurin da aka kira shi, don ya san inda zai koma in ya gama. Ke nan tun ranar farko ɗan aike bawan mai kiransa ne. Ba ya tashi da kansa, kuma ba ya sanin ƙarshen tafiya.

Harsunan da suka biyo baya sun mayar da wannan rabo doka. FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, ya samu gyara a 1958 da ya ba da damar rubuta 'yan aike a ware, a harhaɗa su daban, sa'an nan a ɗinke su da babbar manhaja guda ɗaya. Da Dennis Ritchie ya gina harshen C a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, a farkon shekarun 1970, sai ƙofar shiga ta samu sunan da ya bi ta har yau: main, wato babba. Duk manhajar C dole ta kasance da ɗan aike guda mai wannan suna, daga kansa ake farawa. In babu shi, mai ɗinkewa zai ƙi aiki. In ya zama biyu, zai kuma ƙi. Saboda haka fayil a C ko dai ya zama mai ƙofa, ko ya zama na taska. Ɗaliban nahawu za su gane abin da sauƙi: fayil na taska kamar ɗafi yake, yana da ma'ana yana da aiki, amma ba a furta shi shi kaɗai, sai an liƙa shi jikin saiwa.

Ko a wancan zamani masu rubutu sun ji takurar. Wanda ya rubuta fayil na taska yana so ya gwada shi kafin ya ba wani. Dabarar da ta yaɗu ita ce a rubuta wani ɗan main na gwaji a ƙasan fayil ɗin, a kewaye shi da alamar da ke gaya wa mai harhaɗawa ya tsallake shi sai in an ce ana gwaji. Sha'awar fayil mai fuska biyu ta daɗe ke nan. Sai dai a C ana yanke hukunci ne tun wajen harhaɗawa, kafin manhaja ta fara numfashi.

A watan Disamba na 1972 David Parnas, wanda a lokacin yake Jami'ar Carnegie-Mellon, ya buga wata maƙala a kan ma'aunin da ya kamata a bi wajen rarraba manhaja sashe-sashe. Na fi son wannan maƙala fiye da sauran abin da aka rubuta a kan batun, saboda misalin da ya ɗauka na masu nazarin harshe ne: manhajar da ke karɓar layukan rubutu, ta juya kalmomin kowane layi, ta jera sakamakon bisa abjadi, don mai bincike ya ga kowace kalma a cikin muhallinta. Hujjarsa ita ce, kada a raba manhaja bisa matakan aiki, na ɗaya, na biyu, na uku. A raba ta bisa shawarwarin da za su iya canjawa gobe, kowane sashe ya ɓoye shawara guda a cikinsa. Wanda ya taɓa jera kalmomin Hausa a kwamfuta ya san darajar wannan magana. Kwamfuta lamba take gani a bayan kowane harafi. A tsarin Unicode b lambarsa 98, z 122, ƙ 409, ɓ 595, ɗ 599. In ka bar ta da halinta, ɓarawo da ɗaki za su faɗa bayan zuma, ƙofa kuma ta riga su duka biyun, alhali ƙamus yana so ɓ ta bi bayan b, ɗ ta bi bayan d, ƙ ta bi bayan k. Sanin wannan jeri shawara ce guda. Wurinta ɗaya ya kamata ya zama, kowa ya je can ya ara. In kowane ɗalibi ya rubuta nasa, ranar da aka ce sh da ts su zama harufa masu zaman kansu a jerin, sai an bi gida-gida.

Niklaus Wirth na Zurich, a ƙasar Suwizalan, ya shigar da wannan tunani cikin jikin harshe da ya fito da Modula-2 a ƙarshen shekarun 1970. A can sashe, wato modul, yana faɗin abin da yake bayarwa da abin da yake shigowa da shi. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe: modul na iya samun 'yan layuka a ƙarshensa waɗanda ake zartarwa sau ɗaya, lokacin da aka ɗora shi, don ya shirya kayansa. Duk da haka Wirth bai rushe katangar ba. Modul na babbar manhaja daban, na taska daban.

Ɗaya zuriyar

A gefe guda kuma akwai wata zuriya da ba ta san wannan katanga ba sam. A tsarin Unix, mutum yana zaune yana ba na'ura umarni layi bayan layi. In ya gaji da maimaita layuka goma kullum, sai ya zuba su cikin fayil ya ce a karanta. Wannan shi ne sikirif, wato takardar umarni. Ba ta da ƙofa ta musamman, ba a harhaɗa ta, tafinta ne ke karanta ta daga sama zuwa ƙasa yana zartarwa nan take. Tafintan da Stephen Bourne ya rubuta ya fito tare da Unix bugu na bakwai a 1979, kuma a farkon 1980 Ritchie ya ƙara dabarar nan ta alamomin #! a layin farko, wadda ta sa ana iya kiran takardar umarni da sunanta kamar kowace manhaja. Tafintan Bourne yana da umarnin ɗigo, wanda ke jawo wani fayil cikin wanda ake ciki. Amma jawowa a nan ba ta da wata ma'ana illa zartarwa. Abin da ke cikin fayil ɗin duka zai faru, mai daɗi da marar daɗi.

Sauƙin wannan hanya shi ne ya jawo mata jama'a, irinmu da ba injiniyoyi ba. Layuka uku da na sa a gindin harufa.py 'ya'yan wannan zuriya ne. 'Yan aike biyun da ke samansu kuwa jikokin kabad ɗin Kambirij ne. A fayil ɗaya na haɗa gida biyu ban sani ba, kuma Python ne ya ba ni damar yin haka.

Abin da Guido van Rossum ya zaɓa

A da, Guido van Rossum ma'aikaci ne a cibiyar binciken lissafi da kwamfuta ta CWI a Amsterdam, ƙasar Holan. A farkon shekarun 1980 ya yi aiki a kan wani harshe mai suna ABC, wanda aka tsara don masu koyo. ABC yana da daɗin rubutu, amma a rufe yake, ƙara masa sabon abu daga waje wahala ne. Daga baya ya koma aikin wani tsarin sarrafa kwamfutoci mai suna Amoeba, inda ya ga bukatar harshen da zai zauna tsakanin C da takardun umarni na Unix: ya fi C saurin rubutu, ya fi takardar umarni iya ɗaukar babban aiki. A hutun Kirsimeti na Disambar 1989 ya fara rubuta shi, a Fabrairun 1991 ya sake shi ga jama'a, bugu na 1.0 kuma ya fito a Janairun 1994. Tun fitowar farko yana da tsarin modul, wanda ya ɗauko tunaninsa daga dangin Modula.

Shawarar da ta haifi layinmu ita ce wannan: a Python kowane fayil modul ne, kuma shigo da modul zartar da shi ne. Babu fayil na taska daban, babu mai ƙofa daban. In ka rubuta import harufa, tafinta zai nemo harufa.py, ya buɗe masa sabon fili na sunaye, ya karanta shi daga layin farko zuwa na ƙarshe yana aikata duk abin da ya tarar. Kalmar def ma, wadda ake ƙirƙirar ɗan aike da ita, umarni ce kamar sauran: in tafinta ya iso kanta, sai ya gina ɗan aiken ya rataya masa suna, ya wuce ba tare da ya aike shi ko'ina ba. Shi ya sa fayil da ba shi da komai sai def yake shigowa shiru. Amma in tafinta ya iso layin da ya ce buɗe hira.txt ka rubuta a kansa, ba shi da dalilin tsayawa. A wurinsa wannan layi da def duk ɗaya ne. In ya gama, sai ya ajiye modul ɗin a wani rajista mai suna sys.modules, don in an sake neman sa kada a sake karantawa.

To, ta yaya fayil zai san ko aron kayansa aka zo yi, ko shi aka tayar? Van Rossum bai ƙirƙiro wata sabuwar doka ba. Kafin tafinta ya fara karanta kowane modul, yakan ajiye masa sunansa a wata ma'ajiya da ake kira __name__, da 'yan layukan ƙasa biyu gaba da baya, alamar cewa sunan na harshen ne ba na mai rubutu ba. In an shigo da fayil ɗin ne, abin da ke ciki shi ne "harufa". In kuwa shi aka miƙa wa tafinta kai tsaye, to ba a kiransa da sunan yanka, ana ba shi laƙabin "__main__". Layin da muke kwafewa tambaya ce kawai irin kowace tambaya: shin sunana a yau __main__ ne? In e, a aikata abin da ke ƙarƙashi. In a'a, a wuce. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 wannan salo ya riga ya zauna a cikin taskar da ke zuwa tare da Python kanta.

Ga yadda harufa.py ya koma bayan ɓarnar, na taƙaita shi:

    import sys

    def gyara(rubutu):
        for tsoho, sabo in (("b'", "ɓ"), ("d'", "ɗ"), ("k'", "ƙ")):
            rubutu = rubutu.replace(tsoho, sabo)
        return rubutu

    def babban_aiki(sunan_fayil):
        with open(sunan_fayil, encoding="utf-8") as f:
            print(gyara(f.read()))

    if __name__ == "__main__":
        babban_aiki(sys.argv[1])

A lura da abu uku. Sunan fayil ɗin da za a gyara yanzu daga bakin mai kira yake fitowa, ba a binne yake a ciki ba. Sakamako a allo yake fita, ba a kan na asali ba. Ƙarƙashin tambayar kuma layi ɗaya ne tak, sauran aikin yana cikin ɗan aike mai suna, wanda wani ma zai iya ara in ya so. Wannan na ƙarshe shawarar van Rossum ce da kansa, a wani rubutu da ya yi a 2003 a kan yadda ya kamata a tsara babban aiki. Akwai dalili na zahiri a ciki: duk sunan da aka ƙirƙira tsirara a ƙarƙashin tambayar yana zama na fayil ɗin baki ɗaya, kuma yana iya ɓoye kuskure a cikin 'yan aike, su yi aiki lafiya in an tayar da fayil ɗin, su faɗi in an shigo da su.

Abin da mutane suka fi zubawa a ƙarƙashin wannan layi a farko gwaji ne, kamar dai yadda masu C suka yi. A bugu na 2.1, a 2001, kayan gwaji biyu suka shiga taskar Python, doctest na Tim Peters da unittest na Steve Purcell, kuma dukansu an saba kiran su daga wannan wuri. Wasu modul na taskar kuma suka zama kayan aiki na sosai: calendar, alal misali, in ka shigo da shi zai ba ka 'yan aiken lissafin kwanaki, in ka tayar da shi kai tsaye zai buga maka kalandar shekara.

Yunƙurin kawar da shi

Ba kowa ne ya so layin ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mummuna ne a ido, 'yan layukan ƙasa takwas a jimla guda, ga shi ba ya bayyana kansa ga baƙo. Tun shekarar 2000 masu Python suke da al'adar rubuta takardar shawara mai lamba, wadda suke kira PEP, ga duk wanda ke son a canja wani abu a harshen. A 2002 Jeff Epler ya kawo ta 299, yana neman a koma tafarkin C: mutum ya rubuta ɗan aike mai suna __main__, tafinta ya kira shi da kansa in fayil ɗin aka tayar. Takardar ta yi shekaru a ajiye kafin a ƙi ta. An nuna cewa za ta karya wasu tsofaffin manhajoji da ke amfani da wannan suna ta wata fuskar, van Rossum kuma ya ga ribar ba ta kai wahalar sauya littattafai da sabon da jama'a suka yi ba, tunda abin da ake da shi yana aiki.

Matsala ta gaske ta ɓullo ta wani gefen. Da manhajoji suka girma, aka fara tara modul da yawa a jaka ɗaya, ana kiranta ƙunshi, kuma bugu na 2.5 na 2006 ya kawo hanyar da modul zai ce a shigo masa da maƙwabcinsa na cikin ƙunshi ta hanyar sa ɗigo gaban suna. Don tafinta ya gane maƙwabci, sai ya duba sunan mai magana. In sunan ya nuna ƙunshi da modul, an san unguwarsu. In kuwa an tayar da fayil ɗin kai tsaye, sunansa ya koma __main__, laƙabin ya shafe adireshin, maƙwabci ya ɓace. A 2007 Brett Cannon ya kawo takarda ta 3122 don a bar wa kowane modul sunansa na gaskiya, a ajiye sunan wanda aka tayar a wani wuri daban. Lokacin ana shirin Python 3, wanda aka yarda zai karya tsofaffin abubuwa da yawa, don haka in da za a canja layin, to lokacin ne. Van Rossum ya ƙi nan take. A ganinsa tayar da fayil daga tsakiyar ƙunshi ɗabi'a ce da bai kamata a ƙarfafa ba.

Maimakon a rushe, sai aka yi ta yin gyare-gyare a gefe. Tun bugu na 2.4, a 2004, akwai alamar -m, wadda ke ba mutum damar tayar da modul da sunansa ba da wurin zamansa ba, aka faɗaɗa ta a 2.5 ta kai cikin ƙunshi. Bugu na 2.6, a 2008, ya ƙara wata ma'ajiya, __package__, mai riƙe adireshin ko da laƙabi ya hau kan suna, ya kuma ba da damar a sa fayil mai suna __main__.py a cikin jaka don jakar duka ta zama abin tayarwa. Python 3.0 ya fito a Disambar wannan shekara da sauye-sauye masu yawa, layinmu kuwa ko ɗigo bai canja ba.

A wannan bugu na 2.6 ne kuma layin ya tashi daga ladabi ya zama wajibi a wani fanni. An kawo modul mai suna multiprocessing, mai raba aiki tsakanin tafintoci da yawa a lokaci ɗaya, abin da mai ƙirga kalmomin jaridu na shekaru zai so. A kan Windows, kowane sabon tafinta da aka tayar sai ya sake shigo da fayil ɗin farko don ya san 'yan aiken da ke ciki. In umarnin raba aikin yana tsirara, kowane ɗa zai yi ƙoƙarin haifar nasa 'ya'yan, sai Python ya tsayar da abin da saƙon kuskure. Tun bugu na 3.8, a 2019, haka abin yake a kwamfutocin Mac ma.

Akwai tarko guda da har yau ba a cire ba, kuma na ga ya kama ɗalibai masu ƙwazo. In ka tayar da harufa.py, an yi masa rajista da sunan __main__. In wani modul da ya jawo ya juyo ya ce import harufa, tafinta zai duba rajista bai ga wannan suna ba, sai ya sake karanta fayil ɗin daga farko. Ka samu kwafe biyu na abu ɗaya, kowanne da nasa kaya. Kalmomin da ka tara a ɗaya, ɗayan bai san da su ba.

Sauran harsunan da suka haɗa gida biyun nan kowanne ya nemi tasa dabarar. Masu Perl suna tambaya ko akwai wanda ya kira su, masu Ruby suna gwada sunan fayil da sunan abin da aka tayar, masu Node.js suna gwada modul ɗinsu da modul na farko. Harshen Go, wanda Google ya fitar a 2009, ya koma gidan jiya: ƙunshin da aka sa wa suna main ba a shigo da shi, faƙat. Ina ganin hikimar hakan ga kamfani mai injiniyoyi dubbai. Ga malami ɗaya da ɗalibansa, waɗanda kayan aikinsu kan fara ne da layuka goma na gaggawa kafin a gane suna da amfani, hanyar Python ta fi dacewa, domin tana barin takardar umarni ta rikiɗe ta zama taska ba tare da an sake gini ba.

Komawa Cholire

Mai karatu zai lura cewa a gyararren fayil na cire ou da tch daga cikin gyara. Sun koma wani ɗan aike daban wanda ba a sa shi sai a kan layukan da aka tabbatar Hausa ne. Har ila yau akwai harafin da ban sa ba da gangan. Baƙaƙen ƙugiya sun shiga rubutun boko na Hausa a Nijeriya a shekarun 1930, amma sautin farkon 'ya'ya an bar shi da alamar ɗauri da y. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya nemi daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa da Fulatanci, kuma a yau Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Kamaru tana da nata tsarin bai ɗaya na rubuta harsunan ƙasa, wanda aka amince da shi a Yawunde a 1979, aikin da sunayen Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo ke kansa, kuma mai karanta Fulatanci a Garwa ko Ngaundere ya saba ganin ƴ. Hirar da aka naɗa a Cholire, wadda mahauci ke fara jimla da Hausa ya ƙarasa da Fulatanci, da wanne za a rubuta ta?

Amsar ta danganta ga wanda zai karanta. Don haka ɗan aiken da ke kula da wannan harafi yana karɓar zaɓi daga mai kiransa, bai yanke wa kowa hukunci ba. Hukuncin yana ƙarƙashin layin tambaya: in na tayar da fayil ɗin da kaina don maƙalar da za a buga a Kano ko Zariya, 'y yake fitarwa. Ɗalibar nan, wadda a Marwa za a duba kundinta, tana shigo da shi ta nemi ƴ. Python 3 ya yarda a sa harufan da ba na Ingilishi ba a cikin sunaye, saboda haka ɗan aiken sunansa zaɓi_ƙugiya, da ɓ ɗinsa da ƙ ɗinsa.